Na Mayar da Surukata Hazo a Hotuna

Tanti Viorica, ki cece ni, na jawo wa kaina.

Shekara tara da na auri Mirela, har yau mahaifiyarta, Mama Floarea, "wannan na Mirela" take kirana. Ko ƙusa na buga a bango sai ta ce ta karkace. Bara na sayi waya mai fito da fuska tar, abin da ke baya ya dusashe. Ranar baftismar 'yarmu na ɗauki matata, sai wayar ta haɗa surukata da labule ta dusashe su tare. Na rantse wannan kuskure ne. Amma Tanti, daɗin da na ji! Tun daga nan, Kirsimeti, Ista, ranar yanka alade a ƙauye, sai in ce ta ɗan ja baya, in taɓa fuskar wani a allon wayar. Har tukunyar sarmale, naman da ake naɗewa a ganyen kabeji, na fitar tar, ita kuwa inuwa ce mai ɗankwali. Akwai wani salon haske a wayar mai baƙanta bayan mutum, da shi na ɓatar da ita ɗungurungum.

Ranar Lahadi ta karɓi wayar, ta goge tabarau, ta daɗe tana kallo, ta ce a hankali, "Kowa ina gani, ban da ni. Idon ne ya fara tafiya." Ta ajiye ɗinkinta tun ranar. Mirela za ta kai ta likitan ido ranar Alhamis. In faɗa, ko in bar likita ya wanke ni?

Suruki mai laifi, daga garin Sibiu

Ɗana,

Na yi dariya har kofi ya sarƙe ni, sannan na ji haushinka. Shekara tara ana hana ka sunanka akwai ciwo, ban musa ba. Amma tsohuwa tana tsoron makancewa saboda tsokanarka, wasa ya ƙare.

Ka faɗa kafin Alhamis. Ka fara da Mirela, kuma kada ka ɗora wa waya laifi. Ka duba ko taka tana bari a rage dusashewar bayan ɗauka, ka gyara masu gyaruwa. Sannan ka zaunar da surukarka gefen taga da hantsi, jikarta a cinya, ka taɓa fuskarta a allon wayar, ka wanke hoton ka sa a firam. Likita kuwa ta je, a shekarunta ba asara ba ce.

Za ta ba da labarin nan a kowane biki har 'yarka ta yi aure. Ka sunkuyar da kai ka ci abincinka. Allah ya daidaita ku, ya ba kunnenka juriya.

Tanti Viorica