Lawali, Na Ga Kekenka a Bakin Tafkin Agwagi

Zuwa ga Malam Lawali na Maraɗi, a duk inda wannan ta same ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ni ne Habibu, Bakanon da kuka zauna ɗaki ɗaya da shi a unguwar Xiaobei, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ban san adireshin da zan aika maka da wasiƙa ba, shi ya sa na rubuta ta a fili. Na ba mai gidan abincin da muke cin tuwo ya liƙa ta a bango, na kuma sa ta a intanet. Idan ba kai ka fara karantawa ba, wataƙila wanda ya karanta ya san inda kake.

Shekara ta zagayo, Malam Lawali. Lici, ɗan itacen nan mai zaƙi, ya sake nuna a gonakin bayan gari, ana ta jera shi a kwanduna da jan ɓawonsa, kamar lokacin da ka ɓace.

Ka tuna yadda muka fara hawan keke? Likita ne ya ce maka ciwon suga ya kama ka, sai ka riƙa motsa jiki. Ka gwada tafiya a ƙafa a titin Huanshi Lu, ka dawo kana tari, hayaƙin motoci ya cika maka ƙirji. Washegari sai ga ka da tsofaffin kekuna biyu, ɗaya ma ba birki sosai. Na yi maka dariya, na ce ɗan kasuwa mai loda kwantena a kan keke kamar mai tallan madara. Ba ka kula ni ba. Ka ce, "Habibu, garin ga ya cika. Tashi mu tahi inda ba mota."

Ran Lahadi muke fita, bayan asuba. Mu yi arewa, mu wuce gadoji, mu wuce masana'antu, har kwalta ta ƙare. Daga nan sai tsakuwa. Har yanzu ina jin ƙararta a ƙarƙashin taya. Hanya ce siririya da mota ba ta iya shiga, ta ratsa tsakanin tafkunan kiwon kifi da fadamun shinkafa da gonakin ayaba. Mata masu faffaɗar malafa su ɗago kai su dube mu, mu gaishe su da yarensu mu ce nihau, su yi dariya su koma aikinsu. A ƙarshen hanyar akwai tudun nan da ba bishiya a kansa, sai gajeriyar ciyawa da iska. Mukan tura kekunan mu hau, muna haki. Daga can dogayen benayen unguwar Tianhe suke zama ƙanana a cikin hayaƙi. Kai ka ce wurin ya yi kama da hanyar Madarunfa bayan an sha ruwa. Ni na ce a'a, duwatsun Rano ne sak. Ba mu taɓa gama wannan musun ba.

Sai tsohon nan mai agwagi, wanda bukkarsa ke bakin tafki. Ba mu san sunansa ba, lawban muke ce masa, wato maigida, kamar yadda ake ce wa masu shago. Shi ke ba mu ruwan zafi a kofin ƙarfe. Ranar da ya fara ganin muna salla a kan ciyawa ya tsaya yana kallo. Lahadin da ta biyo baya ya wanke buhun abincin agwagi ya shimfiɗa mana. Ka ce, "Tsohon ga, da a garinmu yake da na ce kawuna ne."

Daga nan wasannin Olamfik suka ƙarato, aka tsaurara maganar biza. Taka ta ƙare, ka nemi sabuntawa ba ka samu ba. Ka daina zuwa kasuwar Canaan, ni nake zaɓo maka riguna, in kawo samfur ɗaki ka duba. Ko motsi ka ji a matakala sai ka miƙe tsaye. Ka rame, Lawali. Mutumin da ke cika ɗaki da hira ya koma zama a bakin gado yana kallon bango. Ran Lahadi kaɗai fuskarka ke dawowa. Da zarar taya ta taka tsakuwa sai ka fara waƙe-waƙenka na Maraɗi. Wata rana a kan tudu ka ce mini, "A nan kaɗai nike jin ni mutum ne."

Ranar da ka fita ba Lahadi ba ce. Ina wajen loda kaya tun safe. Da na dawo da la'asar na tarar ba kekenka, maganinka kuma yana kan taga inda ka saba ajiye shi. Na kira wayarka, a kashe. Na ce ka je shan iska ne, za ka dawo kafin magariba.

Da gari ya waye ban gan ka ba, na ɗauki nawa keken na bi hanyarmu. Na duba kowace kwana, na leƙa kowane rami a gefen shinkafa, ina kiran sunanka kamar mahaukaci. Tsoron da nake ji shi ne sugan ya kayar da kai inda ba kowa.

A bakin tafkin agwagi na ga kekenka, a jingine da gora. Tsohon ya rufe sirdin da leda don kada ruwa ya jiƙa shi. Da ya gan ni ya fito da sauri. Ba ya jin harshena, ni ma ba na jin nasa sai kalmomin kasuwa, don haka da hannu ya ba ni labari. Ya nuna ka zo, ka zauna, ka sha ruwa. Ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, wato ka yi salla. Sannan ya dafa keken, ya dafa ƙirjinsa, ma'ana ka bar masa. Ya nuna wata hanya da ba mu taɓa bi ba, wadda ta zagaya bayan tudu, ya yi tafiya da yatsu biyu a tafin hannunsa. Na tambaye shi ko ka dawo. Ya girgiza kai ya ce meyo. Babu.

Na bi hanyar nan, Lawali. Ta kai ni wani ƙauye, daga nan ta rabu uku, ɗaya ta faɗa babban titi inda manyan motoci ke ɗaukar kayan gona. Na bi dukkansu. Na riƙa nuna hotonka ga masu gona da masu shago da direbobi. Lokacin da kowa ke zaune a gidan abinci yana kallon tsere da ninƙaya a talabijin, ni ina kan keke, rana na dukana, hotonka a aljihu har ya jiƙe da gumi ya fara dushewa.

'Yan'uwa sun yi ƙoƙari. Mutanen Maraɗi da na Yamai da namu na Kano, kowa ya tambaya inda yake da hanya. An je asibitoci. An je inda ake tsare waɗanda takardunsu suka ƙare, aka ce ba sunanka. Wani ɗan Gana ya ce ya ga mai kama da kai a garin Foshan yana sauke kaya, na je na tarar wani ne daban. Wani ya ce ka tsallaka Vietnam. An kira ni sau ɗaya in je in duba wata gawa. Na tsaya a ƙofar ɗakin ina roƙon Allah ya sa ba kai ba ne. Ba kai ba ne. Na fito ina godiya, sannan na zauna a bakin titi na yi kuka, don na koma inda nake, ban san komai ba.

Zuwaira tana kirana duk Juma'a. Matarka ba ta da yawan magana, ka sani. Ta gaishe ni, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce, "Malam Habibu, ba wani labari?" In ce babu tukuna. Ta ce, "To, Allah ya kawo na alheri." Cikin da ka bar ta da shi, ta haihu bayan ɓacewarka, mace. Sun jira ka zaɓi suna har ranar ta zo, ƙaninka ya raɗa mata Hadiza. Yanzu tana rarrafe. Na ji muryarta a waya, tana ƙoƙarin ƙwace wayar daga hannun uwarta. Dangin Zuwaira sun fara tambayar malamai matsayin aurenta. Ita ta ce kada a yi mata wannan maganar.

Ɗan'uwana, ban san abin da ya sa ka bar keken ba. Idan tsoro ne ya kore ka, wallahi abin ya lafa, akwai waɗanda suka fito suka miƙa kansu kuma suna gida yanzu cikin iyalinsu. Idan kunya ce, ta komawa hannu wofi, ba wanda ke jiran kaya daga gare ka. Idan kana kwance ne wani wuri ba ka iya magana, to ban san yadda zan yi ba. Na gaji, Lawali. Na bi hanyoyin nan har na san su fiye da lungunan unguwarmu, kuma duk baƙin mutumin da na hango daga nesa sai gabana ya faɗi.

Ga dalilin da ya sa na rubuta yanzu. Tawa bizar ta kusa ƙarewa, kuma an ce mini wannan karon sai na koma gida. Wata mai kamawa zan tashi. Na yi wa Zuwaira alkawari daga Kano zan wuce Maraɗi da jakarka. Innarka ta aiko a gaya mini tana son ganin wanda ya zauna da ɗanta. Zan shiga gidanku, in durƙusa a gabanta, ta tambaye ni ina kake. Me zan ce mata, Lawali? Ka turo ko kalma ɗaya ce. Ko ba ka son a san inda kake, ka kira ka ce kana raye ka kashe wayar. Lambata ba ta canja ba, kuma ba zan cire layin ba ko na sauka gida.

Ya Allah, kai ka san inda bawanka Lawali yake. Idan yana raye, ka ciyar da shi, ka haɗa shi da mai ba shi magani, ka cire masa tsoro ka juyo da shi gida. Idan ka riga ka karɓe shi, ka gafarta masa, ka sa ya samu wanda ya rufe shi da mutunci, mu kuma ka kawo mana labari don Inna da Zuwaira su san addu'ar da za su yi.

Ka huta lafiya a inda kake.

Naka,
Habibu
Xiaobei, Guangzhou