Ƙanwata Zulai Ba Kurma Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Hedimasta,
Makarantar firamare ta unguwarmu,
Ƙaura Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da malamai, da fama da yara. Allah ya ƙara girma, ya ba da ladan aiki.

Sunana Shamsiyya, ina aji biyu a babbar sakandare. A hannunka na yi firamare, amma ba na tsammanin za ka tuna ni, don ban taɓa yin laifin da zai kai ni gabanka ba, ban kuma taɓa cin kyauta ba. Na zo ofishinka a kan wannan magana, na tarar kana da baƙi, na gaida masinja na juya. Da na sake dawowa ka tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, gaisuwa ce kawai na kawo. Ba gaisuwa ba ce kawai, ranka ya daɗe, bakina ne ya ƙi. Shi ya sa na koma ga biro. Na kuma roƙi malamarmu ta Hausa ta sa wasiƙar a zauren iyayen yara na waya, domin ina zaton ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan yarinya ba.

Maganar ƙanwata ce, Zulai, 'yar shekara takwas, da ke aji uku. Bayan hutun Sallah aka kira Babanmu aka ce masa an gano Zulai ba ta ji kuma ba ta magana, don haka ya kai ta makarantar kurame a Gusau, nan ba wurinta ba ne. Tun ranar tana gida. Ga abin da nake so ka sani.

Na ɗaya. Ranar da Baba ya kawo saƙon, Innarmu tana tuƙa tuwo, sai da ta ajiye muciya don dariya. A gidanmu Rediyo ake kiran Zulai, kuma Baba ne ya raɗa mata, ya ce ita ce kaɗai rediyon da ba ya cin batir. Tana buɗe ido take farawa. Tana ba kaji labari, tana yi wa kyanwa faɗa, tana gaya wa Kaka mafarkin da ta yi da wanda ba ta yi ba. Batun ji kuwa, in aka buɗe gwangwanin sukari a ɗakin Inna, tana can bayan gida za ka ga ta iso. Baba direba ne a hanyar Shinkafi, kuma cikin duk motocin da ke wucewa ta bakin layinmu ita ke fara gane ƙarar tasa.

Abin da ya fi wannan, in ta dawo daga makaranta takan tara awakinmu da ƙananan yaran maƙwabta a gindin dalbejiya ta buɗe musu aji. Duk abin da aka koyar a ranar sai ta maimaita shi, da lissafin sau, da waƙar ƙasa, har da gyaran muryar da malaminsu yake yi kafin ya fara magana. Akuyar da ta juya baya takan sha tsawa. Ranka ya daɗe, in ba ta ji, a ina ta samo gyaran muryar?

Na biyu, gwajin da aka yi mata. Yaran ajinsu sun ba ni labari. Malam ya lallaɓo ta bayanta ya buga rula a kan benci da ƙarfi, ba ta waiwayo ba. Ya kira sunanta da tsawa, ba ta motsa ba. Aji ya fashe da dariya, aka ce shi ke nan, kurma ce. Da na tambaye ta a gida, ta ce ta ji sarai, har ta ɗauka zuciyarta za ta faɗo ƙasa. Ta ce in ido ya yi mata yawa sai jikinta ya sandare, amsar tana nan a bakinta amma ta ƙi fita. Wani yaro in ya firgita sai ya zabura, ita kuwa daskarewa take yi. Haka take ko a gida in an yi baƙo. Kawunmu na Katuru in ya zo ba ya jin ko tarinta, amma yana fita zaure za ta kwashe duk hirarsa ta maimaita, har da yadda ya ƙara wa ragonsa tsayi.

Na uku. Ba zama muka yi ba. Kaka ta ce aikin iska ne, aka karɓo rubutu daga Birnin Tsaba, garinmu na asali, Zulai ta shanye tas ta ce a ƙaro in da zuma. Daga baya Baba ya haƙura da lodin ranar kasuwar Shinkafi, wadda ita ce ranar samunsa, ya kai ta asibiti a Gusau, na raka su. An duba kunne, lafiya lau. An duba harshe, lafiya lau. Sai aka tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa. Da Inna ta ji wannan suna a waya sai ta fara salati, amma likitan ya kwantar mana da hankali. Ya ce ba hauka ba ne, ba taurin kai ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba ne. Wata irin fargaba ce mai tsanani da ke kama wasu yara, su yi magana inda suka saki jiki, su kasa a wani wurin. Ya ce tsawa da bulala da tsayar da ita gaban aji ƙara ɗaure ta suke yi. Abin da ya fi yi mata magani shi ne ta ci gaba da zama cikin yara 'yan'uwanta, a bar matsa mata, a bi ta a hankali. Ya rubuta wannan bayani, Baba ya kawo makaranta, aka ce masa an riga an yanke shawara.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi ba ni ƙarfin hali. An taɓa gwada abin da likitan ya faɗa a cikin makarantarka, tun kafin likitan ya faɗa. A aji biyu Malama Rabi ce malamarsu. In ana kiran suna, ta yarda Zulai ta ɗaga hannu maimakon amsawa. In ta yi tambaya, sai ta miƙa mata alli ta rubuta, ko ta nuna da yatsa. Ta zaunar da ita kusa da wata yarinya mai haƙuri, Maryama, ta kuma hana a kira ta bebiya. Kafin shekara ta ƙare Zulai ta fara yi wa Maryama raɗa a kunne lokacin tara, in sun je sayen hoce, wainar dawar nan ta gashi. Maryama ta zama tafintarta, har mai hocen ta saba, takan tambayi Maryama yau me hajiyar take so. Mu a gida mun yi murnar wannan raɗa kamar an ce ta zo ta ɗaya. Sai aka yi wa Malama Rabi canjin wurin aiki zuwa Zurmi, ba wanda ya gaya wa sabon malami komai. Ban ga laifinsa sosai ba. Na san yadda ajin yake, yara har bakin taga, ga yarinya ana magana tana kallon ƙasa. Amma kuskure ne, kuma ƙanwata ce ke biyansa.

Na biyar. A darasin sibik an koya mana cewa karatun firamare haƙƙin kowane yaro ne, kuma ba a korar yaro daga aji saboda wata lalura da Allah ya ɗora masa, sai dai a duba abin da yake buƙata a taimaka masa. Na haddace wannan na rubuta a jarrabawa, aka ba ni maki. Ina so in ga ko yana aiki a wajen takarda. Lalurar da ke cikin zuciya ba a ganinta kamar ta ido ko ta ƙafa, amma ita ma lalura ce, mai ita ma yana da haƙƙi.

Ba raina makarantar kurame nake yi ba. Akwai ɗiyar ƙawar Inna a Badarawa, kurma ta gaske, iyayenta sun daɗe suna nema mata gurbi a makarantar. Ita ya kamata a ba. In aka kai Zulai, an tare wa waccan wuri, ita kuma an raba ta da gida, wurin da kawai muryarta ke fita. Baba ma ya ce ba zai kai 'yar shekara takwas kwana a wani gari ba, da yadda hanya take yanzu. Ke nan zaɓin da ya rage ba tsakanin makaranta biyu ba ne, zaman gida ne. Har wata maƙwabciya ta fara ba Inna shawara a ɗora mata tallan gyaɗa tunda tana zaune. Na ce to wa zai yi kiran gyaɗar?

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo cikin ladabi. A mayar da Zulai ajinta kafin jarrabawar wannan zango, a kuma mayar da ita kusa da Maryama, kada raɗar nan ta mutu. A yarda ta ɗaga hannu a kiran suna, ta amsa tambaya a rubuce, har Allah ya kwance mata. A daina gwada ta da tsawa, a kuma ja kunnen masu tsokanarta. Ka karanta bayanin likitan da kanka, ko ka kira Malama Rabi, na san ba za ta ƙi ba. Sannan in yaro mai irin wannan lalura zai wuce sabon aji, a riƙa yi wa malamin da zai karɓe shi bayani, kada kowace shekara a koma farko. Duk cikin waɗannan babu wanda ke buƙatar gini ko sabon benci.

In na yi kuskure a magana ko na wuce matsayina, ka yafe mini, ɗiyarka ce. Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri, ya shirya maka zuriya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa duk yaron da ya ratsa ta hannunka ya zama sanadin shigarka Aljanna.

Kafin in kai wasiƙar na karanta wa Zulai ita, don da sunanta aka yi. Ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Sai ta ce in ƙara abu ɗaya. Ta ce in gaya maka ba ta taɓa wuce ka a bakin get ba tare da ta gaishe ka ba, kullum tana cewa ina kwana Malam, a cikin zuciyarta take faɗa. Ta ce in ka bari ta dawo, wata rana za ka ji.

Wassalam.

Ɗalibarka ta da,
Shamsiyya, yayar Zulai.