Filastar Babanki

Tunga, Minna
3 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Hadassah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Legas, yaya aiki? Mu nan lafiya lau.

Na ji saƙonki game da akwatin gem na marigayi babanki Ernest, wanda yara ke biya su buga, ya ciyar da mu shekara tara. Kin ce wasan ya ƙi tashi a kwamfutarki sai da wani fayil wai shi bayos, kuma kin duba ko'ina, babu irinsa sai na cikin akwatin. To, gara da na kori 'yan gwangwan duk zaryar da suka yi don su saye shi.

Ndaceko mai gyaran rediyo ya ciro ai-sin da fayil ɗin ke ciki, wata baƙar aba mai ƙafafu kamar kyankyaso. Zai aro na'urar karanta ta, amma ya ce in abin ciki ya goge, shi ke nan har abada.

Mamanki,
Martha

19 ga Mayu

Hadassah tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yau sai kin bar ni na fasa kai.

Kin tuna daminar da rufin kwano ya yi yoyo, na shanya kayan cikin akwatin a tsakar gida kusan wata guda? Akwai wata filasta mai dauɗa a bayan ai-sin nan. Kin san ni da dauɗa, har na sa farce, sai na ga rubutun babanki a jiki, na fasa. Ashe tagar gilashi ce a ƙarƙashi. Ndaceko ya ce da na ɓare ta, da rana ta shafe komai. Ya karanta fayil ɗin tas, ya tura miki.

Bidiyon da kika aiko na wasan yana tashi a kwamfutarki ya iso. Ƙarar nan ta tashin gem, wadda na shekara tara ina yi wa babanki mita a kanta, na saurare ta har caji ya ƙare. Na yi kuka, na kuma zaga da waya layinmu gida-gida, su ga aikin 'yar Ernest.

Ba ki tambayi abin da ya rubuta a filastar ba. Cewa ya yi kada Martha ta taɓa. Shekara ashirin da shida muna tare, sau ɗaya ke nan na bi maganarsa ba gardama.

Ubangiji ya tsare min ke.

Mamanki mai alfahari,
Martha