Alhakin Faɗuwar Umma

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka koma lafiya ka tarar da Anti da jaririnmu cikin ƙoshin lafiya. Ya gajiyar hanya, ya aiki? Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ka ce in riƙa rubuto maka komai, wai a can inda kake magana ba ta zama magana sai an sa ta a takarda. To ga shi na fara. Dama ya fi mini, don duk sanda ka kira Umma tana kusa, ba na iya faɗa maka gaskiyar jikinta.

Ƙashin ƙugun karyewa ya yi, ba tsagewa ba ce kamar yadda aka ce mana ranar da ka rako ta gida. Likita ya ce sai an yi tiyata an sa na ƙarfe, kuma in aka daɗe zai haɗe a karkace, tafiya kuma sai dai wani ikon Allah. An sallamo mu mu je mu nemo abin aikin. Na dawo da gadonta falo kusa da taga. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, makarantar da nake koyarwa kuma sun ba ni hutu suna ɓata rai.

Na je ofishin kamfanin jirgin saman da ya kawo ku kamar yadda ka ce. Yaya, ban taɓa ganin mutane masu iya jajantawa irin waɗannan ba. Sanyi ko'ina, furannin roba, ga wata mai dogayen farata tana ta sannu har da dafe ƙirji. Da manajan ya fito sai ya ce matakalar da Umma ta faɗo daga kai ba tasu ba ce, ta kamfanin da ke turo matakala jikin jirgi ce. Na je wurin masu matakala, suka ce ruwan sama ne ya jiƙa ta, su kuma ba su ke da sama ba, in tambayi hukumar filin jirgi. Hukuma ta ce fasinjan da bai shigo zaure ba tukuna na kamfanin jirgi ne. Wato Umma ta faɗi a wani wuri da ba na kowa ba. Lokacin karɓar kuɗin tikiti kuwa ban ji wanda ya ce ba nasa ba ne.

Ruwan gora ɗaya suka ba ni, shi ma na bar musu kayansu a kan tebur.

A shafa mini kan yaro. Umma na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da iyali. Umma ta ce a tambayi ko yaron ya fara haƙori.

Na ga abokin nan naka lauya, mai wayoyi uku da zobe a kowane yatsa. Bai bari na gama magana ba ya fara lissafin kasonsa, sannan ya ce in koya wa Umma nishi mai ƙarfi saboda ranar da mutanen kamfani za su zo. Matar da ke danne kukanta don kada ta tashe ni, ita za a koya wa nishi. Na ɗauki jakata. Ka gaishe shi in kun yi waya, ni dai na ƙoshi.

Shugabar makarantarmu ta haɗa ni da wata lauya, dattijuwa mai ƙaramin ofis a saman wani kantin magani. Ita ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe a kan jiragen da ke tsallaka iyaka: tun daga hawan fasinja har saukarsa, in haɗari ya same shi, alhakin yana wuyan kamfanin da ya ɗauko shi, ko ta wa ce matakalar. Mafitarsu guda ce, su nuna fasinjan da kansa ya yi sakaci. Ta rubuta musu, sai ga shi mutanen da suka manta lambata sun tuna har da hanyar gidanmu.

Sun turo wani saurayi da kwat da kwandon lemo da ayaba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Umma, yana ta Mama, Mama, sannan ya fara tambayoyi. Wane takalmi ta sa? Tabarau ɗinta na idonta? Ta sha wani magani mai sa jiri? So yake tsohuwa ta ce ita ta kayar da kanta, ya koma a yi masa ƙarin girma. Na miƙa masa kwandonsa na buɗe masa ƙofa.

Abu ɗaya lauya ke buƙata daga gare ka. Kai da bakinka ka gaya mini kana riƙe da hannun Umma santsi ya kwashe ta. Ka rubuta haka, ka sa hannu, ka aiko. Kai ne mai son komai a rubuce, ga shi na tambaye ka sau biyu a waya kana cewa aiki ya yi yawa. Ita kuwa Umma da an taɓo zancen saukar sai ta juya fuska ga bango. Ƙafar ta fara gajarcewa, Yaya, da ido ma ana gani.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na san kana lafiya, don na gan ka jiya da idona.

Lauyoyin kamfanin sun kira mu ofishinsu. Na ɗauki hayar mota, ni da maƙwabcinmu muka kinkimi Umma. Suka kunna mana bidiyon kyamarar filin jirgi. Babu murya, amma ba a buƙatar murya. Ga ƙofar jirgi, ga ma'aikaciya tana yi maka magana tana nuna wa Umma kujera. Sun ce cewa take ku jira kowa ya sauka, motar da ke sauko da tsofaffi da keken marasa lafiya na zuwa. Ga ka kana girgiza kai, kana duba agogo, don kada layin duba fasfo ya yi tsawo. Ga ka ka ja akwatinka ka yi gaba, waya a kunne. Ga Umma a baya, hannu ɗaya a ƙarfen matakala, ɗayan riƙe da jakar turarenka da rigar sanyinka. Lokacin da ta faɗo ka riga ka taka ƙasa. Sai da wani baƙo ya taɓa kafaɗarka ka waiwayo.

Wata guda ina yawo ofis-ofis ina zagin mutane a raina, ashe suna kallona ne kawai.

Lauyarmu ba ta girgiza ba. Ta ce wannan ma bai wanke su ba. Umma ba ta jin yaren da ma'aikaciyar ta yi magana da shi, kuma ba wanda ya tambaye ta. In kai ka ƙi keken da bakinka, ba fasinja ce ta yi sakaci ba, dole su ɗauki tiyatar. Sai dai sunanka zai shiga maganar, wataƙila ma su juyo kanka daga baya. Na fassara wa Umma, kuma da na san abin da zai biyo baya da na haɗiye harshena. Ta ɗaga kai ta ce ita ce ta ce ba ta son keken. Ta ce ka roƙe ta, ta ƙi. Da ka ga yadda fuskar lauyansu ta washe! Har biro ya faɗi daga hannunsa don saurin rubutawa.

A mota Umma ta ce kada in gaya maka mun ga komai, wai kana da iyali, kana ƙasar mutane. Ban yi mata alkawari ba.

Ba kuɗi nake nema ba, ka sha gaya mini haya da haihuwa sun cinye ka. Layi biyu nake nema: ni na ƙi keken, ban tambaye ta ba. In ka faɗa da kanka, ba ta da sauran abin da za ta rufa. Lauya ta ce za ta sa kamfanin ya jira har ƙarshen wata.

Auta

Yaya,

Sallama. Da fatan kowa lafiya, Allah ya raya yaro.

Saƙonka ya iso. Na je sashen kaya na filin jirgi na karɓo, na buɗe kwalin tun a can ina laluben takarda, har mai gadi ya tambaye ni ko wani abu ya ɓata. Babu layi biyu, babu ko ɗaya. Amma keken marasa lafiyar da ke ciki kam ya yi kyau, ba laifi. Ga taushin kujera, ga birki, ga wurin ɗora kofi. Ka iya zaɓe.

Wata ya ƙare. Kamfanin ya rubuto cewa tunda fasinja ta amsa da bakinta ita ta ƙi taimakon da aka yi mata tayi, ba su ga abin da ya rage a kansu ba. Lauya ta ce a je kotu, Umma ta ce ba da yawunta ba, kuma ƙarar tata ce, ba tawa ba. Likita ya sake ɗaukar hoto, ya ce ƙashin ya riga ya kama yadda ya kama. Na rubuta wa makaranta su nemi wata malamar.

Na yi ta neman ranar da zan ji haushinka ya sauka, ban samu ba. Ba haushi ba ne ma yanzu. In wayarka ta shigo zan kai mata, zan riƙe mata a kunne, amma kada ka ce a ba ni.

Ita kuwa murna take. Da yamma nakan turo ta ƙofar gida ta sha iska, duk wanda ya wuce sai ta tsayar da shi ya taɓa hannun keken, tana cewa ɗanta ne ya aiko mata daga waje, a jirgi. Ta ce in rubuta maka cewa ta gode, Allah ya yi maka albarka, kuma kada ka damu, ta fara takawa kaɗan-kaɗan. Na rubuta yadda ta ce. Ba ta fara ba, kuma ba za ta fara ba.

Ka gaida Anti.

'Yar Umma,
Auta