Fuskoki Arba'in a Ɗakin Setonji

Porto-Novo, 3 ga Nuwamba

Yaya Hwefa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da maigidanki da jikoki kuna lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi.

Nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Masu zanen hotuna na garin nan sun ware kwana biyu da kowannensu zai buɗe ɗakin aikinsa, jama'a su bi gida-gida suna kallo. Sun buga taswira mai gida ashirin da shida, na goma sha bakwai kuwa nawa ne! Shekara talatin ina raba wa mutane wasiƙu, yau ga takarda tana yawo a gari da sunana.

Wata malamar zane, Madam Bignon, ita ta gan ni a shagon fenti ta biyo ni har ɗakin baya. Ta bi zane-zanena da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce in na ƙi shiga, da ni da ɗakin za ta sa a ɗauka. Ke kin ɗauka furanni nake zanawa. To, mutanen layinmu ne, su arba'in, tun da na yi ritaya nake zana su, babu wanda ya sani.

Na shafe bango da farar ƙasa, na mayar da kaji bayan gida. Matata Sedami ta ce ko ranar aurenmu ban yi rawar jiki haka ba.

Ƙaninki,
Setonji

Parakou, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Setonji,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Na karanta sau biyu, ban ga abin murna ba. Mutum ya shiga ɗakin maƙwabcinsa ya tarar da fuskarsa a rataye ba da saninsa ba, me kake jin zai ce? Ka san garinmu. Kafin la'asar za a ce inuwar mutane kake tarawa, kai da kake dattijo a coci. Ka zana kwalekwale da bishiyar kwakwa mana, wa zai yi fushi? In kuwa ka kafe, to ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka nemi izini. Ban taɓa ganin wanda ƙuruciya ta same shi bayan furfura ba sai kai.

A gaida Sedami, Allah ya ƙara mata haƙuri.

Yayarka,
Hwefa

Porto-Novo, 20 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yi faɗa.

Na bi shawararki, amma gida ɗaya na samu zuwa. Maman Vinyon mai akasa, agidin masarar nan, ta ce ba ta ba da izinin abin da ba ta gani ba, ta biyo ni da ludayi a hannu. Ta ƙare wa hotonta kallo ta ce, "Wannan hancin na wa ka ara mini?" Daga nan ta fita, kafin in sa takalmi layi duka ya ji.

Ranar Asabar muka kafa rawayar tuta a ƙofa kamar sauran gidajen da ke cikin taswirar. Ƙarfe takwas ba ta yi ba tsakar gida ta cika. Kowa na neman kansa, in ya samu sai ya tsaya a gefen hoton ya gyara tsayuwa. Makanike ya koma ya ɗauko matarsa da surukarsa. Tela ya tare ni a fusace, wai me ya yi mini da na zana kowa ban da shi. Baƙi daga Cotonou suna ta shigowa da taswira a hannu, Sedami na raba musu ruwa tana cewa ai ita ta fara gano baiwata. Yaya, bakina har ciwo ya yi don dariya.

Ba zan ɓoye miki ba, maganarki ta tabbata a kan mutum ɗaya. Maƙwabcinmu Baba Dansu ya sauke nasa, ya sa a hammata ya fita, har yau bai amsa gaisuwata ba. Laifina ne, zan je in ba shi haƙuri.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai wani hoto da ban yi niyyar nunawa ba, Sedami ce ta rataye shi a bayan ƙofa. Na Mama ne. Kin san ba ta bar hoto ko ɗaya ba, ni kuma shekarata tara ta rasu. Sau shida ina zanawa ina gogewa, ban san ko ita nake tunawa ba ko wata mata na ƙirƙiro.

Ranar Lahadi da rana wata tsohuwa ta shigo da sanda, 'yarta na riƙe da ita. Ba ta san ni ba, taswira kawai suka biyo. Ta wuce kowa, ta tsaya a bayan ƙofa, ta ce, "Wannan ai Navo ce mai manja a kasuwar unguwar Wando. Rumfarta na kallon tawa."

Na matso kusa da ita. Da na ce ni ɗanta ne, ta riƙe kaina da hannu biyu. Ta ce ido da baki duk nata ne, sai dai tsagar a kuncin hagu take, ni kuwa a dama na sa. Sunanta Maman Tohon, na rubuta kwatancen gidanta.

Ke ce babba, shekararki goma sha shida a lokacin. Hagu ne ko dama? Buroshi na hannuna, amsarki nake jira.

Ƙaninki,
Setonji

Parakou, 25 ga Nuwamba

Setonji,

Ina gaisuwa. Hagu ne.

Amma kada ka taɓa shi tukuna, ina so in gan ta yadda ta zauna a ranka. Zan hau motar Juma'a da safe, ka tare ni a tasha. Ka aika wa tsohuwar nan cewa babbar 'yar Navo na zuwa gaishe ta.

Yayarka,
Hwefa