Alayyahun da ya yi kore ya hana mu miya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Aikin Gona na ƙaramar hukumarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da abokan aiki baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, mai rubuto maka wannan takarda shi ne Farfesa Alhaji Dakta, Babban Masanin Ciwon Ganye na ƙasashen baƙar fata, wanda ya yi karatu a garuruwan da sai an kurkure baki ake faɗin sunansu. Don haka a gyara zama, a kife waya, kuma kada a miƙa wa mai tsire takardar nan kafin a kai ƙarshenta.

Koke na kawo a madadin wani dattijo, Malam Habu mai lambu, wanda ya yi ta zarya ofishinka har silifas ɗinsa ya gaji, kullum ana ce masa ka fita taro.

Na farko. Lambun Malam Habu yana bakin kududdufin bayan gari, da ruwansa yake ban ruwan alayyahu da salak duk rani. Shi ne cin gidan, shi ne suturarsu. A bara wasu samari suka kafa rumfa a kan tudun da ke saman kududdufin, suna sayo tsofaffin batiran mota da na sola, su fasa, su tuttular da ruwan cikin a ƙasa, su narka dalmar su sayar. Da damina ta zo, ta wanke tudun tas ta zuba a kududdufi. Rani na kamawa alayyahu ya fito a tsugune, ganye rawaya, saiwa guntuwa kamar gemun ɗan akuya. Malam Habu ya ƙara taki, ya ƙara addu'a, shuka ta ce ba ta san zancen ba.

Na biyu. Malamin gonarku, Malam Sunusi, Allah ya saka masa, ya zo a babur ɗinsa, man ma daga aljihunsa. Ya duba, ya ce da alama gubar dalma ce. Sannan ya tsuguna ya yi wa manoma bayanin da ni kaina, duk da farfesancina, ban taɓa ji ba. Ya ce shuka ma tana da 'yan aike a cikin jikinta, wasu sinadarai da ake kira homon. In saiwa ta ɗanɗana guba, su ne ke rugawa da labari har ganye. Wani ya sa saiwa ta ƙara kauri don ta rage shan gubar, wani ya sa a kulle wadda ta riga ta shiga a wani lungu, wani ya hana ganye tsufa da wuri. In guba ta yi yawa sai 'yan aiken su rikice, shuka ta daina girma. Ya ƙara da cewa ɗanyen ganyen zogale yana ɗauke da irin waɗannan 'yan aike, in an daka an tace an fesa, yakan taimaka wa shuka ta jure wahala.

Daga nan ya ce "amma". To a wurin akwai ɗan Malam Habu, wani yaro mara jin magana da aka sani da ɗaure wa masu barci a inuwa zariyar wando da ƙafar gado. Wannan yaro tun yana makarantar allo bai taɓa tsayawa jin abin da ke bayan "amma" ba. Kafin malami ya ja numfashi, ya tsallake shinge.

Na uku. Yaron nan ya je gida ya yi wa bishiyar zogalen Inna aski, wato mahaifiyarsa nake nufi, bai bar mata ko na kwaɗo ba. Ya daka a turmin furarta, ya tace da sabon ɗankwalinta, ya ɗura a tankin feshi. Ranar ya sha muciya a gadon baya, ya jure, domin masu ilimi ba a fahimtarsu a gida.

Ranka ya daɗe, abin haushi, abin ya yi aiki. Ko zogalen ne, ko ruwan rijiya da aka koma ban ruwa da shi, Allah masani, amma alayyahu ya miƙe ya yi kore shar. Yaro ya sayo tabarau na ƙarya, ya hana abokansa kiran sunansa sai Dakta. Ya tare masu keke napep da ke kai ganye Dutse ya ce su shirya buhuna. Har budurwarsa ya gaya wa wai gwamnati na nemansa.

Sai Malam Sunusi ya dawo, ya ƙarasa "amma" ɗin a gaban jama'a. Ya ce 'yan aiken nan suna taimaka wa shuka ta rayu da guba ne, ba sa fitar da ita. Dalmar tana nan cikin ƙasa, wataƙila tana cikin ganyen, koren ne kawai ya rufe ta. Kuma a jikin ƙananan yara ta fi ɓarna, tana daƙushe musu ƙwaƙwalwa a hankali. Ya ce kada a ci, kada a sayar, sai an auna, shi kuwa ba shi da abin awo.

Yaron ya gane karatun nan da nan, don shi ma haka yake. Bulalar malamin allo ta sa bayansa ya yi kanta, amma ƙiriniyar tana ciki daram. Da alayyahun yana rawaya, babu mai kallonsa. Yanzu da Dakta ya gyara shi, ƙannensa suna wucewa suna haɗiyar yawu, makwabta suna roƙon na miya, Malam Habu yana korar mutane daga lambunsa kamar mai rowa. Ya ce ba zai ciyar da 'ya'yan wani abin da yake tsoron bai wa nasa ba. Gidan mai lambu, kuka ake kaɗawa dare da rana.

Saboda haka ga buƙatunmu. A turo masu awo su auna ƙasar da ruwan da ganyen, a faɗa mana gaskiya ko mai ɗaci ce. A sama wa masu fasa batir wuri nesa da ruwa. Ba mu ce a kama su ba, abokaina ne, su ma tari suke yi. In lambun ya mutu, a nuna wa Baba abin da zai shuka ko inda zai koma kafin ranin nan ya wuce. A kuma riƙa ba Malam Sunusi kuɗin mai.

Na ce Baba, ko? To asiri ya tonu. Ranka ya daɗe, babu wani Farfesa. Ni ne Sale ɗan Malam Habu, ni ne mai tabarau, ni na aske zogalen. Iyakar karatuna allo, bokon ma a waya na tsinto shi. Na ari babbar riga ne don na lura Farfesa ake buɗe wa ƙofa, mai lambu kuwa benci ake nuna masa. In laifi ne ka sa a kira ni ofis, ko banza ɗaya daga gidanmu ya ga fuskarka.

In kuma kana ganin ba sai an auna ba, Inna ta ce bismilla. Za ta yi miyar alayyahun da man shanu, mu shimfiɗa maka sabuwar tabarma, kai za ka fara sa hannu. Mu sai mu jira.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raya maka zuri'a, ya tsare tukunyar gidanka daga abin da ido ba ya gani.

Wassalam. Naka, Sale, Dakta mai murabus.