Rasuwar Malam Kalilu, Mai Awon Ruwan Sama na Isa

Cikin alhini da tsananin fargaba, Jam'iyyar Taimakon Juna ta Manoma da Makiyaya ta ƙasar Isa da Sabon Birni take sanar da iyayenmu hakimai da dagatai, da malamanmu limamai, da shugabannin Fulani, da dukkan jama'ar Gobir na wannan tsallaken iyaka da na wancan, cewa ta sami labarin rasuwar ubanta kuma mai ba ta shawara, Malam Kalilu ɗan Malam Labbo, Malamin Awon Ruwa na gundumar Isa, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Talata, 18 ga Jimada Sani 1362, daidai da 22 ga Yuni 1943, a rijiyar Tungar Illo kusa da Burkusuma, yana da shekara hamsin da takwas. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ɗan gidan malamai ne, ya sauke Alƙur'ani a zauren mahaifinsa, kuma saboda kyan hannunsa a ajami da boko En'e ta damƙa masa kwalbar awon ruwan sama da aka kafa bayan ofishin hakimi, ya riƙe ta shekara ashirin da biyu ba tare da ruwa ya sauka ko sau ɗaya bai rubuta ba. Abin da ba a sa shi ba, ya sa kansa: kowace bazara yakan hau jakinsa ya zaga rijiyoyi arba'in da ɗaya daga Bafarawa har bakin iyaka, da igiya mai ƙulli a kowace gaba, wato tsawon buɗe hannu biyu, yana auna nisan ruwa. Shi ne ya fara nuna mana a rubuce abin da tsofaffi suke ji a jikinsu, cewa damina tana makara tana kuma saurin ɗaukewa, rijiyoyin arewa sun nutsa da gaba uku, rairayi kuma ya cinye gonakin da a da ake ɗaure dami ɗari a cikinsu. Da wasu almajiran ilimi suka zarge shi da yi wa rahamar Ubangiji ƙididdiga, amsarsa a gaban jama'a ita ce: "Ba don in yi maSa gardama nika auna ta ba, sai don mu san abin da munka ɓata da hannunmu."

Bai tsaya ga awo ba. Ya bi gida gida yana roƙon kada a sare gawo da ƙirya don faɗaɗa gonar gyaɗa, an yi masa dariya a kasuwanni da dama, bai fasa ba. Da Turawan gandun daji suka zo duba ko hamada tana matsowa, suka zaga kwana shida suka ce babu abin tsoro, ya buɗe musu littattafansa cikin ladabi, ya ce su sun ga mako guda, shi ya ga shekaru. Kuma tun da makiyaya suka fara gangarowa daga ƙasar da Faransa take mulka a tsallaken iyaka wata biyu kafin lokacinsu, shi ne ya tsara rabon kwanakin shayarwa a kowace rijiya bisa awonsa, manomi da Bafulatani suka yarda da igiyarsa ko a inda ba su yarda da juna ba.

A kan wannan aiki ajali ya same shi. Rijiyar Tungar Illo ta ƙafe, mutanen gari suka ce shanu ne suka ƙarar da ita, makiyaya suka ce an toshe idonta da gangan don a kore su, har aka fito da sanduna da baka. Marigayin ya isa, ya zura igiya ba ta jiƙe ba, ya ce: "In ban gani da idona ba, ba wanda za shi yarda da wani. Za ni sauka." Ya sauka, ya ɗaga murya ya shaida musu cewa babu hannun kowa, ruwan ne ya janye. Ana cikin jawo shi gefen rijiyar ya rufta. Waɗanda suka zo faɗa su suka yi ta tono tare har la'asar, suka fito da gawarsa.

Jam'iyya ba za ta ɓoye wa jama'a tsoronta ba. Yau wata guda ke nan da wucewar lokacin shuka, hadari yana haɗuwa yana watsewa, rumbuna sun kusa ƙarewa bayan damina uku marasa albarka, wasu ƙauyuka sun fara ɗaure kaya, kuma mutumin da kowa yake saurara a bakin rijiya ba ya nan. Don haka muna roƙon kowane dagaci da kowane arɗo, don girman Allah, a ci gaba da bin rabon kwanakin da ya bari, kada a sare itace ɗanye, kada kuma a bar kowa ya je rijiya da makami. Babbar 'yarsa, Malama Hajo, wadda ita kaɗai ta iya karanta alamominsa, ta yarda, da izinin maigidanta, ta karanta wa wakilanmu littattafan bayan addu'ar bakwai.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakinsa Malama Saude, da Malama Hajo, da ƙaninsa Malam Usmanu Limamin Tudu, da sauran zuriyar Malam Labbo. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Mu kuma da ya bari a ƙarƙashin wannan farar sama, ya Allah kada Ka kama mu da abin da hannuwanmu suka aikata, Ka shayar da mu kafin mu far wa juna. Amin.

Atiku Yari Bafarawa
Magatakarda kuma Kakakin Jam'iyya
Isa, Juma'a, 25 ga Yuni 1943